Ajiyar Wutarmu a Hannun Kamfani

Ranar Litinin da safe aka gano an yanke wayar sola, washegarin ranar da muka binne aminiyata, comadre Eudócia. Valdemiro, shugaban ƙungiyar ƙauyenmu, shi ya fara gani. Ya je duba akwatin na'ura ya tarar jar fitila na ƙiftawa, da ya zagaya baya sai ya ga babu babbar wayar nan da ke kai wutarmu zuwa turken kamfani. Kafin in sauke tukunyar kofi, ihunsa ya tara mutanen ƙauyenmu, wanda ake kira Riacho da Ema, kaf a bakin shinge.

Farantan solar nan na kowa ne, gida-gida muka yi karo-karo aka kafa su a bayan makaranta. Da rana wutar da suka samar tana bin wayar ta shiga layin kamfani, mita ta rubuta. Kamfani ba ya danƙa mana ko centavo a hannu. Cewa yake muna da ajiya a wurinsa, in wata ya ƙare sai ya rage wa kowane gida daga takardar wutarsa. Ni dai tun da aka kafa su firjin cukuna ya daina cinye mini riba, saboda haka wanda ya taɓa wayar nan, tukunyata ya taɓa.

Ba wanda ya kira suna. Kawunan mutane ne kawai suka juya gefe guda, wajen gidan Lindomar. Ya taɓa zaman gidan yari a kan satar babur tun yana saurayi, yanzu tsofaffin ƙarafa yake tsinta yana sayarwa, shi ne kuma ƙungiya ta ba aikin wanke farantan. Dokarmu a fili take: wanda ya saci kayan ƙungiya za a cire shi, gonarsa da gidansa su koma hannun wani. Lindomar yana da mata da 'ya'ya biyu, ga masararsa ta fara goyo.

"Bayan addu'ar bakwai ta marigayiya za mu zauna mu ɗaga hannu," in ji Valdemiro. "Ba a san sata a ƙauyen nan ba sai da muka yi wa wasu alheri."

"To, tunda kun gama shari'a, ku sauka mini daga kan ƙasa," in ji mijina Aldenor. "Kun fi garken awaki ɓarna."

Aldenor ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun da suka ɓace a dajin ƙaya. Gwiwoyinsa sun gama aiki, kunnensa na hagu ba ya ji sai in ana maganar abinci, amma idonsa bai tsufa ba. Ni nake tuƙa shi a babur, don haka duk inda ya je ina nan, ko yana so ko ba ya so.

Da mutane suka watse muka shiga cikin shingen. Sawun silifas ɗin Lindomar ya cika wurin, tsakanin kowane layi.

"Ga shi nan, har ba ya ɓuya," na ce.

"Ke Jandira, mai wanke faranti da fukafukai zai zo?"

A jikin turken kamfani an yanke wayar can sama, inda hannun mutum ba ya kaiwa. Na tuna masa Lindomar dogo ne. Sai ya nuna mini ƙasa da sandarsa. Kofatai huɗu sun nutse a gindin turken, na baya na hagu da tsaga a gefe.

"Jaki ya tsaya nan da nauyi a bayansa," ya ce. "Wani ya taka shi ya miƙe. Dogo ba ya neman jaki."

"Jakin wa?"

"Na Allah."

Gaskiyarsa. Tun da babura suka shigo kowa ya kwance jakinsa ya kore shi, suna nan suna yawo a daji, ba mai cewa wannan nawa ne.

A wajen akwatin kuwa an bar guntun waya kamar tsawon kamu ɗaya, an lanƙwasa bakinta an naɗe da baƙar roba, an tura ta ƙarƙashi. Ni na ɗauka aikin masu kafa na'urar ne. Aldenor ya jawo ta, ya daɗe yana kallon wurin yankan, har da shinshinawa, sannan ya kifa mata bokitin Lindomar ya ɗora dutse.

Sai da muka hau babur ya yi magana a kunnena. "Babu ƙuna. Da akwai wuta a wayar nan lokacin da aka sa mata zarto, da jiya gawa biyu muka binne. Ba da dare aka yi ba. Ranar Asabar ce, da rana tsaka."

Na ji raina ya ɓaci. Ranar Asabar aka ɗauke wuta tun da safe har bayan faɗuwar rana, daga nan har cikin gari, waya ma ba ta shiga. Ranar kasuwa ce, duk wani abu mai taya ya tafi gari. A ranar comadre Eudócia, wadda injin numfashi ke riƙe da ita tun bara, ta cika a hannun mijinta, compadre Gumercindo, ba kowa kusa. Wato lokacin da baiwar Allah ke neman iska, wani yana can bayan makaranta yana zarto.

Gidan Lindomar muka fara zuwa. Yana zaune a ƙofa yana daddaka gwangwanaye, ko miƙewa bai yi ba.

"Ina kake ranar Asabar?" in ji Aldenor.

"Dam, Seu Aldenor. Kamun kifi."

"Wa ya gan ka?"

"Kifi."

"Me ya hana ka kasuwa?"

"In na shiga gari 'yan sanda su tambaye ni takardar babur, su tambaye ni takardar wandon da ke jikina. Na gaji."

Ni kuwa na yi kamar zan kewaya, na zaga bayan ɗaki. Sai ga toka da ƙonannen jan ƙarfe tsibi guda. Na ɗebo a hannu na dawo ina jin kaina.

"Wannan fa?"

"Cikin tsohuwar fanka ne, Dona Jandira. Ki kai wa Valdemiro, ko da yake ya riga ki, da sassafe ya zo ya ɗiba."

Aldenor ya murza a yatsa. "Siriri ne kamar gashi. Tamu ta fi babban yatsana kauri. Zubar, ki wanke hannu."

Matarsa Creuza ta fito da kofi, ta miƙa wa Aldenor, ta miƙo mini nawa ba tare da ta kalle ni ba. "Dona Jandira, ke kika karɓi haihuwar ƙaramin nan," ta ce. "Yau ke ce kike leƙa mini bayan ɗaki?"

Na ji kunya har cikin ƙashina. Amma kunyar ba ta kori zargin ba, gefe kawai ta matsa masa.

A hanya na ce wa Aldenor in ba Lindomar ba ne to Ataíde mai kanti ne, kuma dama shi zuciyata ta fi kwanta wa. Shi kaɗai ke da janareto, duk ranar da aka ɗauke wuta ƙanƙararsa tsada take. Tun farko ma bai so solar ba, da aka kafa kuma ya tayar da rigima wai rabon da ake rage wa kantinsa ya yi kaɗan.

Muka same shi yana auna wa wata garin rogo.

"Kun zo kama ni ne? Ku bari in gama awo."

"Tambaya ce kawai," in ji Aldenor. "Kana da zarton ƙarfe?"

"Ina sayarwa ma. Kowane gida a ƙauyen nan ni na sayar masa, har da naka, wanda matarka ta ce ya fi ka kaifi." Ya sunkuyo a kan teburin awonsa. "Ni da zan yi ɓarna, mitar zan fasa, ba waya ba. Kai ka taɓa ganin ajiyar nan da ido? Mu ba su wuta da rana, su ce sun ajiye mana. A ina? A tulu? Ka je ka tambayi Valdemiro me ya sa gidansa ya fi kowa samun ragi, shi da ke zuwa ofishinsu yana shan ruwan sanyi."

"Ranar Asabar fa, ina kake?" na ce.

Ya dube ni, ya dubi Aldenor, sai suka fashe da dariya su biyun.

"Jandira," in ji mijina, "bayan motar wa kika bi har gari kina tari kina zagi?"

Motar Ataíde ce, da rabin ƙauye a bayanta, Valdemiro na zaune a gaba riƙe da kaji. A tashi ɗaya na rasa mutum biyu da nake zargi, shi da Valdemiro, abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Washegari muka bi jakin. Na ajiye babur, Aldenor na gaba da sandarsa, ina biye da gorar ruwa da mazarƙwaila. Sawun ya bi ta bayan makaranta ya gangara busasshen rafi. A kan duwatsu ni ban ga komai ba, shi kuwa sai ya nuna mini tsakuwar da aka juya, ko reshen ƙaya da ya riƙe gashi.

"Ba korarsa ake ba," ya ce. "Ba a kuma ja shi da igiya ba. Mutumin na tafe a gefe, jakin na binsa. Ga takun nan, gajere, na mai takalmin fata. Yana tsayawa yana hutawa."

"Kowane namiji a nan takalmin fata yake sawa."

"Ban da Lindomar."

"Sai ya ara."

"Ke dai da a ce ke ce alƙali, da tuni ƙauyen nan ya zama kango."

Sawun ya kai mu bakin dam, ɗakin nan mara ƙofa inda ake buɗe ruwan gonaki. A ciki, a jikin ƙusa, ga wayarmu rataye. An naɗe ta zagaye-zagaye tsaf, ba a fere ko ɗan yatsa daga jikinta ba. Jakin ma yana nan a inuwa, tsoho tukuf, yana kallonmu.

Na yi murna, na ce shi ke nan, ba a saci komai ba. Ashe ƙara dagula wa Lindomar lamari muka yi. Da Valdemiro ya zo ya gani sai ya tafa hannu.

"A dam! Ina ya ce yake ranar Asabar? Da bakinsa ya faɗa. Ɓoyewa ya yi sai ƙura ta lafa."

"Ɓarawo ba ya rataye kaya inda kowa ke shiga," in ji Aldenor.

"Seu Aldenor, ina girmama ka, amma wannan ba saniya ba ce. Sawun jaki ba ya ɗaga hannu a taro."

Kafin yamma labari ya zagaye ƙauye. Aka hana yara wasa da 'ya'yan Creuza. Har wani ya fara zagaya gonar Lindomar yana auna ta da ido.

Ranar Alhamis da la'asar ina ban ruwa a lambuna na bayan gida, Aldenor na kwance a lilo ya rufe fuska da hula, ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Na so in ƙara wa tiyo tsawo zuwa wajen tattasai, amma bakinsa a ɗaure yake, na yi na yi ya ƙi kwantuwa.

"Kai, taso ka taimake ni! Compadre Gumercindo in ya ɗaure tiyo sai ka ce da shi za a je lahira. Ya lanƙwasa, ya naɗe da robar taya, ya kuma soka tsinke. Farcena ya karye."

Na ji lilon ya daina motsi. Aldenor ya taso ba sanda, ya karɓi bakin tiyon ya juya shi a hannu. Bai kwance ba. Wuƙa ya ciro ya yanke shi da ɗaurinsa, ya sa a aljihu.

"Ka lalata mini tiyo!"

"Kai ni bayan makaranta."

Ya ɗaga bokitin. Guntuwar wayar tana nan: a lanƙwashe, a naɗe da robar taya, ga ɗan tsinken itace a soke a ƙarƙashin naɗin ƙarshe. Ya ajiye bakin tiyona kusa da ita. Na zauna a ƙasa.

Compadre Gumercindo shi ke raba ruwan dam tun kafin in yi aure. Shi ya riƙe 'yarmu ranar baftisma a coci, shi ya sa gidanmu da nasa muke kiran juna compadre da comadre. Gajere ne, kuma shi ne na ƙarshe da ya saki jakinsa, har da kuka ya yi ranar. Duk mutanen da na zarga a satin nan, bai taɓa faɗo mini a rai ba, kuma da wani ne ya ambace shi da na wanke shi da mari.

"Don me?" na ce.

"Ɓarawo ba ya toshe bakin abin da ya bari," in ji Aldenor. "Wannan ba ɗauka ya zo yi ba. Rufewa ya zo yi."

Da safe muka je masa gaisuwa. A wajenmu mai makoki ba ya fita sai an yi addu'ar bakwai, ba a kuma kai masa tsegumin gari. Yana zaune a falo ya rame, injin numfashin na kusurwa an lulluɓe shi da zanen tebur. Na kai masa dambun masara da cuku, ko kallonsu bai yi ba.

Muka zauna. Can Aldenor ya ce, kamar mai zancen ruwan sama, "Na ga tsohon jakinka a dam, compadre. Har yanzu kofaton nan bai warke ba."

"Yana nan," in ji Gumercindo.

"Gobe bayan addu'a za a ɗaga hannu a kan Lindomar. Wai shi ya yanke wayar sola. Za a karɓe gonarsa."

Hannun tsohon ya kama gefen kujera. Na zuba masa ido ina jira. Bakinsa ya motsa, amma abin da ya fito shi ne, "Comadre, ki gaida yara."

A waje na ce wa Aldenor, "Ya ji, kuma ya yi shiru. Zai bari a kori bayin Allah."

"Na ba shi dare ɗaya."

"In bai tashi ba fa?"

"Sai in tayar da shi." Ya hau bayana da ƙyar. "Na bi sawu da yawa, Jandira. Wannan ne kaɗai na so a ce ya ɓace mini a kan dutse."

Ranar Asabar fada, limamin cocinmu, ya zo daga gari ya yi addu'a, ya sha kofi ya koma. Muka taru a ƙarƙashin magaryar ƙofar coci da baƙaƙen kayanmu. Gumercindo na kan benci na gaba, an ba shi wuri mai inuwa. Ataíde ya jingina da motarsa. Lindomar da Creuza suna tsaye can gefe cikin rana, ba wanda ya matsa musu.

Valdemiro ya shimfiɗa wayar a ƙasa, ya zuba ƙonannen jan ƙarfen fanka kusa da ita, ya yi jawabi mai tsawo a kan amana. Ya tambayi Lindomar ko yana da abin faɗa.

"Ban ɗauka ba," in ji Lindomar. "Amma kun riga kun raba masarata a zuci, ku yi abin da ya tara ku."

"Waɗanda suka yarda a cire shi, su ɗaga hannu."

Hannuwa suka fara tashi, wasu da sauri, wasu suna duban na maƙwabci tukuna. Na kalli compadre. Kansa na ƙasa, hularsa a cinya, bai motsa ba.

"Ku riƙe su a sama, kada ku gaji," in ji Aldenor. Ya taka zuwa tsakiya, ya ciro abu biyu daga jakarsa ya ajiye a kan benci inda kowa zai gani. "Wannan bakin tiyon matata ne, ta kusa cinye ni a kansa. Wannan kuma guntuwar wayar da aka bari a jikin akwati, jiya na kwance ta. An yanke ta ranar Asabar da rana, lokacin da babu wuta. Wanda ya yanke gajere ne, jaki ya taka. Ya yanke ta a jikin turke can sama don kada wuta ta dawo yaro ya taɓa. Bai sayar ba, daga baya ya naɗe ya kai dam ya rataye. Ni ba zan kira suna ba. Duk mai lambu a nan ya zo ya duba."

Ba sai sun matso ba. Babu gidan da ba shi da irin ɗaurin nan a bayan ɗaki. Na ga hannuwa suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, idanu kuma suna gudun benci na gaba.

"Kowa na iya kwaikwayon ɗauri," in ji Valdemiro, amma muryarsa ta yi ƙasa. "Seu Aldenor, yau fa addu'ar matarsa..."

"Bar shi, Valdemiro." Gumercindo ne ya miƙe, yana dafe da benci. "Ɗaurina ne."

Ya juya wajen Valdemiro.

"Kai ka ce mana muna da ajiya a kamfani. Kowane wata takarda na cewa ajiyata ta ƙaru. Na daina kunna fanka, na daina kallon ƙwallo, ina tara wa Eudócia saboda irin ranar nan. Ranar ta zo. Injin ya tsaya, tana kallona, tana jan iska ba ta samu. Na leƙa ta taga, ga rana kamar ta fasa dutse, ga farantanmu suna ƙyalli. Na ce wutar nan tana nan, zurarewa take yi zuwa wajen kamfani. Ni aikina ke nan, in ruwa na gudu zuwa gonar da ba ta buƙata, sai in toshe can ya taru nan." Ya dubi hular da ke hannunsa. "Na ce mata yanzu zan dawo. Na yanke, na ɗaure da kyau. Na koma da gudu. Injin bai tashi ba. Ita kuma ba ta jira ni ba."

Mata suka fara kuka, ni ma ban san lokacin da nawa ya zubo ba. Amma ina kukan ina jin haushinsa, don Creuza na tsaye a rana riƙe da hannun 'ya'yanta.

"Jiya an gaya maka za a kore su," na ce. Ban yi niyyar magana ba, bakina ne ya riga ni. "Compadre, me ya sa ka yi shiru?"

"Tsoro, comadre. Ba na gona ba, ku karɓe ta in kuna so." Ya juya, ya ratsa mutane a hankali har ya fita daga inuwa, ya tsaya gaban Lindomar. Kansa ko kafaɗar yaron bai kai ba. "Na cuce ka, ɗana, kuma ba ni da bakin ba ka haƙuri. Amma kai masu kafa na'urar suka koya wa, kai kaɗai za ka sani, ni kuma na kasa tambayar kowa. Wayar nan da na yanke, ta nan ajiyarmu za ta dawo, ko? Da ban taɓa ta ba, da wutar ta zo mata?"

Sai a lokacin na gane abin da ya rufe masa baki sati guda. Duk muka zuba wa Lindomar ido. Mutumin da muka ɗaga wa hannu ɗazu, yanzu kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe tsohon nan a tsaye, kuma ba mai iya ƙaryata shi a cikinmu. Na ga muƙamuƙinsa na motsi. Creuza ta taɓa masa gwiwar hannu.

"A'a, Seu Gumercindo," ya ce. "In layin kamfani ya mutu, akwatin nan kashe kansa yake yi, don kada ya kama masu gyara a kan turke. Ko ɗigo babu a wayar ranar nan, shi ya sa kake raye. Ajiyar kuma ba wuta ba ce, rubutu ne kawai a takarda. Gidanka ma ba ta wannan wayar yake sha ba. Da ka yanke da ba ka yanke ba, injin ba zai tashi ba."

"Ka rantse?"

"Na rantse da 'ya'yan nan."

Tsohon ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Lindomar ya riƙe shi don kada ya faɗi.

Valdemiro ya yi gyaran murya ya ce tunda ba a saci komai ba, babu maganar cire kowa, taro ya tashi. Ya ƙara da cewa zai je ofishin kamfani a kan maganar batir saboda marasa lafiya. Ataíde ya ce in ya je ya gaishe da ruwan sanyi. Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka fara sulalewa, kowa hannunsa a aljihu ko a bayansa, ba wanda ya bi ta gefen da Creuza take.

Ni na bi. Na tsaya gabanta na rasa ta inda zan fara, sai na ce gobe zan aiko wa yara cuku.

"Ki kawo da kanki, Dona Jandira," ta ce. "Ta ƙofar gaba."

Lindomar ya raka tsohon har gida, sannan ya dawo ya sunkuya ya saɓa wayar a kafaɗa, ya nufi bayan makaranta. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya tambaye shi inda zai kai ta.